Diyatom a farar ƙasar Agadem da ban same shi a littattafai ba: yaya ake tabbatar da cewa sabon nau'i ne?

Ɗan Gulbi:

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ina neman shawarar masu aiki da diyatom, ƙananan tsirran ruwan nan masu ƙwaya ɗaya da ɓawon silika. Samfurin da ke hannu farar ƙasa ce marar nauyi, daga gindin wani busasshen tsohon tabki a yankin Agadem, an ɗebo ta kamar mita 1 da rabi ƙasa da saman gaɓa, kuma a nan Maraɗi ake duba ta. Madubin ƙara girma da ke akwai na haske ne, da objektif na 100 mai ɗigon mai, wato gilashin da ke kusa da samfuri mai ƙara girma sau 100.

An jiƙa ƙasar da ruwa, an ɗiga a kan lam, wato ɗan gilashin da ake ɗora samfuri a duba shi a madubi. Mafi yawan abin da ke ciki diyatom ne na jinsin Aulacoseira, masu kama da ƴan guntayen kara. To amma akwai guda 7 da suka bambanta: bangonsu ya fi kauri, ramukansu manya ne, layukan ramukan a miƙe suke ba su karkata ba, kuma biyu daga cikinsu suna da doguwar ƙaya a baki. Faɗinsu tsakanin mikiron 11 da 14 (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Hotunan Aulacoseira granulata da na kwatanta da su duk layukansu a karkace suke.

Shin wannan ya isa a ce sabon nau'i ne? In bai isa ba, me ya rage? Kuma tunda tabkin ya ƙafe shekaru dubbai, ana iya rubuta cewa nau'in ya ƙare a duniya? Ina kuma son sanin ƙa'idar raɗa suna, don kada a yi aikin banza. Allah ya saka da alheri.

Malama Rakiya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar maganar suna tukuna, a fara gyara lam ɗin. Ɗigon ƙasa cikin ruwa ba ya nuna abin da ake rarrabe nau'i da shi. Laka da alli suna toshe ramukan, ɓari, wato rabin ɓawon ƙwaya, yana hawa kan ɓari, abin da ka ƙirga yau gobe ba za ka sake samunsa ba.

Giram 0.1 zuwa 0.2 ya ishe ka in ƙasar diyatomit ce tsantsa, wato tarin ɓawon diyatom. Kada ka daka ta, kada ka murje ta da cokali. Jiƙa ta a ruwan da aka tace ta tururi, ka bar ta ta kwana ta saki da kanta. Daga nan ka zuba mililita 10 na asid kloridirik da aka sirka, kashi 1 na asid cikin kashi 9 na ruwa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Ka jira har kumfa ya tsaya, minti 15 zuwa 30. Wannan shi ke cire alli da guntayen katantanwa. Ka wanke sau 2, sannan ka zuba mililita 20 na ruwan oksijene mai ƙarfin kashi 30 cikin 100. A bar shi awa 1 ba wuta, don in akwai manganiz ko ruɓaɓɓen tsiro da yawa yana tasowa farat ɗaya ya malale, samfurin ya bi shi. In ya lafa sai a sa kwalbar cikin tukunyar ruwa mai zafin digiri 80, awa 1 zuwa 2, har kumfa ya ƙare kuma abin da ya kwanta ya yi fari.

Nan akwai kuskuren da ke cin ɗalibai da yawa a ƙasar nan. Na farmasi da aka rubuta wa "10 volumes" kashi 3 ne kawai cikin 100, mai "30 volumes" kuma kashi 9 ne. Wanda ya kai kashi 30 shi ne mai wajen "110 volumes". Kuma zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu yana kashe shi a cikin kwalba, sai ka zuba ka ga ba ya motsi. A firigo ake ajiye shi, cikin kwalba mai duhu. Safar hannu da tabarau wajibi ne, yana ƙona fata.

Wanki bayan oksijene sau 4 ko 5. Masu santirifij, na'urar da ke juya kwalba da sauri don abin ciki ya kwanta, suna juyawa sau 1,200 a minti ɗaya, na tsawon minti 4. Ni ga samfurinka ba zan ba da wannan shawarar ba, tunda doguwar ƙayar ita ce abin da kake son gani, ita ce kuma ke fara karyewa. Ka bar shi ya kwanta da kansa, aƙalla awa 1 ga kowane santimita na tsayin ruwan, mafi aminci ya kwana, sannan ka zuƙe ruwan sama da pipet a hankali. In laka ta yi yawa, ɗigo 1 ko 2 na amoniya mai rauni a wankin ƙarshe yana hana ta dunƙulewa, sai ta fita da ruwan sama. Kada ya daɗe a ciki, duk abin da ke da kanwa-kanwa yana cin silika.

Ruwan pampo bai halatta a wannan aikin ba daga farko har ƙarshe. Yana barin gishiri a kan lamel, wato siririn gilashin da ake rufe lam da shi, wani lokaci ma da nasa diyatom ɗin.

Sai shimfiɗawa. Sirka abin da ka wanke har ruwan ya zama kamar an ɗiga nono kaɗan a ciki, kana iya karanta rubutu ta bayansa. Ka ɗiga rabin mililita a kan lamel mai kaurin milimita 0.17, ba a kan lam ba. Dalili: tazarar da objektif na 100 ke iya gani gajeriya ce ƙwarai, in ƙwayoyin suna can ƙasa a kan lam, da maƙalen da ake liƙa lamel da shi mai kauri a samansu, ba za ka kai gare su ba. A bar shi ya bushe da kansa, kwana ɗaya, inda ba girgiza. In ka gaggauta da wuta ko panka, duk ƙwayoyin sai su gudu su taru a gefe. Yi lamel 3 masu kauri daban-daban, ka zaɓi wanda ya fi.

Maƙalen da za ka rufe da shi ba kowanne ba. Ma'aunin karya haske na silikar diyatom wajen 1.43 ne, na gilashi da man madubi wajen 1.52. Balsam na Kanada ma 1.52 ne, ya yi kusa da silika, sai ƙwayar ta dushe. Naphrax yana wajen 1.73, shi ya sa ramuka ke fitowa tsaf. Ɗigo ɗaya a kan lam, ka kifa lamel, ka ɗora a faranti mai zafin digiri 130 har toluwen ɗin da ke ciki ya tafasa ya fita, sannan ka sauke ka danna kaɗan. In ya huce lamel ɗin yana zamewa da yatsa, bai dahu ba, mayar da shi. Toluwen guba ne, a yi a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi ko inda iska ke ratsawa sosai.

Abu na ƙarshe, kuma ya shafe mu fiye da masu aiki a Turai: ƙurar hunturu. Babban kaso na hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, kuma ƙasar wurin diyatomit ce, cike da guntayen Aulacoseira. Lamel ɗin da aka bari a buɗe yana iya karɓar baƙin da ba na Agadem ba. Kifa kwano a kan lamel yayin bushewa, kuma kowane zubi ka haɗa da lamel guda na ruwa zalla. In ka ga diyatom a kansa, zubin gaba ɗaya abin tuhuma ne.

Dokta Habu:

Malama ta gama da wanki, ban da abin ƙarawa. Ni kan ƙwayoyin nan 7 zan yi magana, kuma ɗan'uwa ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: kwatancen da ka bayar ya yi daidai da Aulacoseira granulata kanta.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwaya ɓari biyu ce, kamar batta da murfinta, da ɗamara a tsakani. Aulacoseira tana rayuwa a jere kamar tsakiya a zare, fuskar wannan manne da fuskar waccan. A cikin zare guda akwai ɓari iri biyu. Na tsakiya suna riƙe da juna da gajerun ƙayoyi masu faɗin kai, kuma layukan ramukansu a karkace suke. Amma inda zaren zai rabu gida biyu, ƙwayar tana yin ɓarin rabuwa: layukansa a miƙe, ramukansa sau da yawa sun fi girma, yana da doguwar ƙaya ɗaya ko fiye mai tsini, da kwari a bango inda ƙayar maƙwabciya ke kwanciya. Muddin zaren yana haɗe, kowa na ganin abu ɗaya ne. In aka wanke da asid ya warwatse, sai ka ga kamar nau'i biyu. Saboda haka abin farko: nemi inda ɓari biyu na ƙwaya ɗaya suke haɗe har yanzu. In ka sami mai miƙaƙƙen layi a gefe guda, mai karkataccen layi a ɗaya gefen, magana ta ƙare.

Faɗin da ka auna ma bai fitar da su ba. Wannan nau'in yana kamawa daga wajen mikiron 4 har 30 a faɗi, tsayin bango kuma 5 zuwa 24. Dalilin wannan tazarar shi ne yadda diyatom ke rabuwa: kowane ɓari yana ƙera sabon ɗan'uwansa a cikinsa, don haka ɗaya daga cikin ƴaƴan kullum ya fi ƙanƙanta. MacDonald da Pfitzer suka bayyana haka a 1869. Zuriya tana ta raguwa har ta kai wani ƙanƙanci, sannan ta yi haihuwar jinsi ta komo da babbar ƙwaya. Babba da ƙarami siffarsu ba ɗaya ba ce, a Aulacoseira masu faɗi sukan zama gajeru, sirara kuma dogaye. Wanda ya ɗauki ƙarshen nan da ƙarshen can ya bar tsakiya, zai raɗa suna biyu ga abu ɗaya, kuma an sha yin haka a ƙarni na 19.

Guda 7 ba adadi ba ne. Ka auna aƙalla ɓari 30, in da hali 50, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Ga kowanne ka rubuta faɗi, tsayin bango, yawan layuka a mikiron 10, yawan ramuka a mikiron 10 a bin layi, da zurfin zoben ciki da ke kusa da bakin bango. Ka yi haka ga waɗanda kake ɗauka granulata ce ta ainihi a lam ɗin. Sannan ka zana faɗi a gefe guda, tsayi a ɗaya gefen, ka ɗiga kowanne. In ɗigon sun tashi gungu biyu da fili a tsakaninsu, akwai magana. In sun zama gajimare ɗaya, babu. Kuma kafin ka auna komai, daidaita ma'aunin idon madubi da lam ɗin awo, mai milimita 1 da aka raba 100, kowane gida mikiron 10. Ma'aunin da ba a daidaita ba yana iya kaucewa da kashi 10 cikin 100, wannan kuwa ya isa ya ƙirƙiro maka nau'in da babu shi.

Batun manyan ramuka da kaurin bango, ka tuna da narkewa. Tabkunan gabas da suka ƙafe sun bi ta matakin kanwa, kuma silika tana narkewa da sauri in ma'aunin pH ya haura 9. Narkewar tana fara cin siraran rufin da ke cikin ramuka, ta faɗaɗa bakinsu, wani lokaci ramuka biyu su haɗe. Ƙwayoyi masu sirantar bango su ɓace gaba ɗaya, masu kauri su rage, sai ka ɗauka kauri siffar nau'in ce alhali tankaɗe ne aka yi. Alamarta: gefe kamar an gwaguya, ɗamara babu, kuma ƙananan nau'o'i irin su Nitzschia sun yi ƙaranci ƙwarai. Gishiri ma yana sa wasu su canza kama. Craticula in ruwa ya fara gishiri tana yin ɓarin ciki mai haƙarƙari kamar tsani, wanda da can aka ba shi suna daban.

Sai iyakar madubinka. Ko da mai, hasken ido ba ya raba abu biyu da tazararsu ta gaza wajen mikiron 0.25. Abubuwan da ake raba nau'o'in Aulacoseira da su a yau yawanci sun fi haka ƙanƙanta, ko kuma a cikin ƙwayar suke: siffar kan ƙaya, rufin ramuka, yawan ƴan ƙofofin nan masu leɓe da ake kira rimoportula da inda suke zaune, da ko zoben ciki cikakke ne ko mai rami. A. ambigua alal misali da ramin zoben nan ake gane ta. Duk wannan sai madubin elektron. Ana busar da ɗigo a kan lamel, a manna a kan ɗan turken alminiyum, a shafe da zinariya mai kaurin nanomita 10 zuwa 20. Ka nemi hoton waje, hoton ciki daga fasassun ɓari, hoton fuska, da na mahaɗar ƙwaya biyu. Mujallar kirki ba za ta karɓi sabon Aulacoseira ba tare da waɗannan ba.

Kada kwatancenka ya tsaya ga littattafan Turai. Daga tabkunan Afirka an riga an bayyana A. nyassensis, A. goetzeana da A. agassizii tun farkon ƙarni na 20, ga kuma A. muzzanensis mai gajeren bango da ake yawan rikitawa da granulata. Kuma ka nema da tsohon suna. Thwaites ya kafa jinsin Aulacoseira a 1848, aka yi watsi da shi, sai Simonsen ya farfaɗo da shi a 1979. Duk aikin da aka yi kan kwarin Chadi kafin wannan shekarar, a ƙarƙashin Melosira za ka same su.

Ɗan Gulbi:

Na gode Malama, na gode Dokta, Allah ya ƙara basira. Maganar ɓarin rabuwa ta shige ni, zan sake lam ɗin ba tare da santirifij ba in nemi masu haɗe. To a ƙaddara gungu biyu suka fito, madubin elektron ma ya nuna bambanci. Saura tambayar ƙarewa a duniya, da shekarun ƙasar. Ba a yi mata awon shekaru ba tukuna.

Malam Garba:

Yaro, wagga tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ƙafewar tabki daban, ƙarewar nau'i daban.

Farar ƙasar da ke a sarari a Agadem, Bilma, Fashi da gindin Termit, mafi yawanta ta zamanin damshin nan ce da Sahara ta yi, tsakanin shekara wajen 11,000 da 5,000 da sunka wuce. Lokacin ne babban tabkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000. Michel Servant da Simone Servant-Vildary sun yi aiki a kan waɗanga wurare tun shekarun 1970, Françoise Gasse da abokan aikinta kuma sun bi tarihin tabkin Bugduma na ƙasar Manga. Abin da ya sa diyatom ya yi musu amfani wajen gane zurfin ruwa da gishirinsa shi ne, kusan duk nau'o'in da anka samu suna raye har yau, an san irin ruwan da kowanne ke so. A wajen diyatom shekara 10,000 jiya ce. Don haka ko da naka sabo ne ga ilimi, abin da ya fi rinjaye shi ne yana nan raye a wani ruwan da ba a duba ba.

Waɗanda anka fi yarda sun ƙare, a ƙasar da ta kai shekaru miliyoyi ake samunsu, ta zamanin Miyosen da Piliyosen. A kwarinmu irin wagga ƙasa tana can ƙarƙashi, kamar wadda anka ciro daga rijiyar bincike ta Bol a bakin tabkin Chadi, mai shekaru tsakanin miliyan 6 da miliyan 2 da ɗoriya, ko a saharar Jurab inda anka sami ƙoƙon kan Tumai, wani daɗaɗɗen halitta mai kama da ɗan Adam, a 2001. Amma a kula, iska da ruwa suna kwasar tsohon diyatom su zuba shi cikin sabuwar ƙasa. Ƙwayar da ta fi sauran goguwa da karyewa, ko launinta ya bambanta, kuma ba ta da ƙanana da manya, wataƙila baƙuwa ce daga wata ƙasar da ta girme ta.

Awon shekaru: karbon 14 yana aiki har wajen shekara 50,000, rabin ransa 5,730. Ɓawon diyatom silika ne, ba shi ake aunawa ba. Ka nemi gawayi ko guntun tsiro daga shimfiɗar da ka ɗebi samfurin. Katantanwa irin Melanoides tana da yawa a wuraren nan kuma ana aunata, sai dai in ruwan tabkin daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, yana ɗauke da tsohon karbon, sai awon ya fito ya girmi gaskiya da ɗaruruwan shekaru ko fiye. Saiwar da ta ratso daga sama kuma tana mai da shi yaro. In ba abin da za a auna da karbon, rairayin da ke sama da ƙasan shimfiɗar ana auna shi da hanyar haske ta OSL, amma samfurinsa cikin bututu ake ɗauka, rana ba ta ganinsa.

Samfuri ɗaya daga zurfin mita 1 da rabi bai faɗin komai game da tarihi. A koma a share gaɓar har sabuwar ƙasa, a zana shimfiɗu, a ɗauka kowane santimita 5 ko 10 daga ƙasa zuwa sama don ta sama kada ta zubo kan ta ƙasa, a goge wuƙa tsakanin ɗauka, a rubuta lambobin GPS. A kowane samfuri a ƙirga ɓari 300 zuwa 500. Nan za ka ga inda abin naka ya fara, inda ya yawaita, inda ya ɓace, da waɗanda yake zama tare da su. In da Cyclotella da Stephanodiscus yake, ruwa mai zurfi ne marar gishiri. In da Anomoeoneis da Campylodiscus clypeus, tabkin ya fara komawa kanwa.

Kuma ka duba ruwan da ke raye. Madarunfa ga ta nan kusa da kai, ga Gidimuni, ga Tabalak, ga Komadugu da tabkin Chadi. Ka tace ruwan da ragar mikiron 20, ka ɗebi ɗan lakar saman gindi, ka ajiye su a cikin alkol. In ka duba ba ka gani ba, ka rubuta abin da ka sani: ba a san shi ba sai a burbushi. Kalmar ya ƙare, ka bar ta.

Dokta Habu:

Malam ya yi gaskiya, ranka ya daɗe. Bari in cike batun suna.

Diyatom yana ƙarƙashin kundin ƙa'idar suna na algae, fungi da tsirrai, wanda babban taron masana tsirrai ke sabuntawa, na Shenzhen a 2017, na Madrid a 2024. Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kundin ya ware diyatom daga sauran burbushi. Sunan da aka kafa a kan diyatom na burbushi da wanda aka kafa a kan mai rai, fili ɗaya suke takara. In wani ya bayyana abin naka daga ruwa mai rai a 1904, sunansa ne ke tsaye, naka ya zama maimaici. In kai ka riga, ko an same shi raye daga baya naka ne ke tsaye. Saboda haka kafin rubutu ka bincika DiatomBase da AlgaeBase da kundin sunayen diyatom na cibiyar kimiyya ta Kalifoniya, ka tabbata sunan da ka zaɓa ba a taɓa amfani da shi ba a cikin jinsin, har da ƙarƙashin Melosira don guje wa ruɗani.

Sunan ba ya tsayawa sai da bayanin siffa ko bayanin bambanci da Latin ko Ingilishi. Faransanci bai wadatar ba, ko da sauran maƙalar da shi aka rubuta, kuma wannan tarko ne gare mu. Dole a haɗa da hoto. Dole a ayyana samfurin asali guda ɗaya, a rubuta kalmar "typus" ko "holotypus" ko daidai da su kamar "holotype" ƙarara, a faɗi ma'ajiya ɗaya da aka ajiye shi, sharaɗin da ke aiki tun 1 ga Janairu 1990. In ka ambaci ma'ajiya biyu ba ka ce wacce ke riƙe da na asali ba, sunan ya faɗi. Kuma dole a buga shi bugu na gaske. Tun 1 ga Janairu 2012 ana karɓar PDF na intanet in mujallar tana da lambar ISSN, ko littafin yana da ISBN. Kundin kammala karatu da aka ajiye a laburaren jami'a, ba mawallafi ba ISBN, ba bugu ba ne. A cikinsa ka rubuta Aulacoseira sp. 1, ka adana sunan sai maƙala. Mujallun da aka saba kai irin wannan aikin sun haɗa da Diatom Research, Fottea, Phytotaxa da Nova Hedwigia, kuma yana da kyau a yi wa sunan rajista a PhycoBank na Balin.

Lam ɗinka yana ɗauke da nau'o'i da yawa, har da granulata mai kama da shi. Don haka ka zaɓi ɓari ɗaya cikakke, ka ɗauki hotonsa, ka yi masa da'ira da alƙalamin lu'ulu'u ko ka ba da lambar wurinsa da lam ɗin England Finder, wanda aka zana wa gidaje masu lamba don gane wuri, ka ce wannan ne. Wanda zai zo bayan shekara 50 ya iya komawa kansa.

Kalmar suna: Aulacoseira mace ce a nahawun Latin, siffar da ke biye ta bi ta. In sunan wuri ne, ƙarshensa -ensis, kuma wurin da aka samo shi ake nufi, wato Agadem, ba Maraɗi inda aka duba shi ba. In na mutum ne, -ii ga namiji, -iae ga mace, in sunan ya ƙare da baƙi.

Malama Rakiya:

Dokta, wuri ɗaya zan ɗan ja. Da'ira da alƙalamin lu'ulu'u a kan lamel mai kaurin 0.17 tana fasa shi a hannun wanda bai saba ba, kuma lam ɗin asali ba shi da madadi. Ga ƙanenmu England Finder ya fi aminci, tare da hoto a ƙaramin objektif da ke nuna maƙwabtan ƙwayar, da bayanin ɓangaren da takardar lam take fuskanta lokacin da aka karanta lambar. In aka juya lam ɗin, lambar ta tashi aiki.

Sannan Ɗan Gulbi, daga wankin da ka fitar da na asali ka yi lam 5 ko 6 a zubi ɗaya, su ne za su zama kwafin asali. Na asalin ya tafi ma'ajiya mai rajista da ke ba da aro, irin ta lambun tsirrai na Meise a Beljiyam, ko gidan tarihin halittu na Landan ko na Paris. Kwafi aƙalla biyu su zauna a gida, ɗaya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗaya a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, don ɗaliban da za su biyo baya su sami abin kwatance ba sai sun yi tafiya ba. Ka nemi takardar izinin fitar da samfuri daga hukuma kafin ka aika komai waje, ma'ajiyar ma za ta tambaye ka ita. Ka ware giram 5 na ɗanyar ƙasar da ba a taɓa ba a kwalba mai murfi, ragowar wankin kuma a alkol mai kashi 70. Lam ɗin Naphrax a kwance ake ajiye su, cikin akwati, a ɗakin da ya fi sanyi, domin a zafin bazara maƙalen da bai dahu sosai ba yana laushi, lamel ya zame, ƙwayar da ka ba lamba ta bar wurinta.